Fensir a Bakin Malam Rediyo

Ba da mugunta aka raɗa masa sunan Malam Rediyo ba. Ɗalibansa na farko ne suka laƙaba masa, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, don sun lura da zarar an murɗa makullin motar koyo abu biyu ne ke tashi tare, inji da bakin malami. Injin kan mutu a hannun ɗan koyo sau goma a rana, bakin malami kuwa ba a taɓa jin ya mutu ba. Shi ma bai ƙi sunan ba. Har sa wa ya yi aka rubuta shi a allon da ke rataye a ƙofar ofishinsa, ƙarƙashin zanen sitiyari.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da teburi, da benci, da wata babbar takarda mai alamomin hanya wadda rana ta cinye launinta. Makarantar gaske tana waje a gindin bishiya, wato wata 'yar farar mota mai birki biyu, ɗaya a ƙafar ɗan koyo, ɗaya a ƙafar malami. Kafin ya saye ta, shekara tara ya yi yana tuƙa motar rarraba burodi, yana zaga gari shi kaɗai ba abokin hira. Matarsa ta ce maganar da ya tara a shekarun nan tara ce yake ta fitarwa har yau, kuma bai ko kai rabi ba.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da shi ya haddace karatun.

"Taka kuloci. Sa giya ɗaya. Saki a hankali. Duba madubi. Ga mai babur nan zai fito ta bayan waccan motar, sassauta. Ka gan shi? Ai na faɗa maka. Ga rami, kauce dama. Matar can za ta tsallaka, taka birki. A hankali na ce, ba kan maciji ba ne. Yawwa, wuce."

Ido gare shi, wannan ko wanda ba ya sonsa ya yarda. Yakan hango abin da zai faru a titi tun mai yin sa bai gama yanke shawara ba. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa goge fentin motar nan da ɗalibi a sitiyari ba, kuma da wuya ka ji nasa ya faɗi jarrabawar lasisi. Ya koya wa malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da 'yan kasuwa, har da wani tsohon alƙali da ke ce masa "ranka ya daɗe" duk lokacin da aka zo hawan tudu. In yana tafiya a ƙasa sai ka ji hon ta ko'ina, ana ɗago masa hannu, shi kuma maimakon ya amsa gaisuwa sai ya ce, "Hannu biyu a sitiyari." Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniyar mota: bai taɓa runtsawa a motar da wani ke ja ba. In tafiyar yini ce, yini zai yi a bayan direba yana taya shi kallon hanya, ko an roƙe shi ko ba a roƙe shi ba.

To idon nan da yake taƙama da shi ne ya fara yi masa gardama. Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe na hagu, na dama kuwa lafiyarsa ƙalau, zai iya ci gaba da aiki da rana. Ya sa ranar aiki nan da wata uku.

"Ranar za mu rufe na hagun," in ji likita, "na daman kuma mu ɗiga masa magani don mu leƙa cikinsa, zai yini yana ganin hazo. Ka zo da wanda zai tuƙa ka gida. Bayan nan ma sai ka yi makonni ba ka taɓa sitiyari ba."

Ya kawo labarin gida ya iske matarsa, wadda kowa ke kira Maman Auta, a kan kekenta na ɗinki a ɗakin gaba. Tela ce, kuma kamar kullum akwai allurai huɗu jere a leɓenta. Ta saurare shi har ya gama, wanda ya ɗauki lokaci, sannan ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya ta soke su a hannun rigarta.

"Ni zan tuƙo ka," ta ce.

Shekara talatin da huɗu tana auren malamin tuƙi, ba ta taɓa zama a kujerar direba ba. Ya tuna mata cewa waɗanda ya yaye sun fi dubu, duk wanda ya kira zai zo da gudu.

"Na sani, Malam. Amma ba zan zauna a gida wani ya ɗauko min kai daga asibiti kamar kaya ba."

Daɗi ya kama shi har kunne, sai dai bai san yadda ake faɗin haka a taƙaice ba. Ya ce wata uku ai ya yi yawa ga mutumin da ya koya wa alƙali. Ya fara darasin farko nan take, a tsaye, da murfin tukunya a matsayin sitiyari.

A makon ne Auta ta kawo sakamakon bincikenta. Ita ce 'yarsu ta ƙarshe, tana karatun digiri na biyu a kan kiyaye haɗurran hanya, kuma ta shekara tana bin makarantun koyon tuƙi da 'yar kyamara da littafin rubutu. Uban ne ya fara buɗe mata ƙofar motarsa, don a zatonsa littafin yabo za a rubuta. Da ta zauna a kan tulin yadin uwarta ta buɗe kwamfuta, har gyara zama ya yi.

"Baba, makarantu shida na bi. Na nemo mutum arba'in-arba'in da kowace ta yaye, na tambaye su abin da ya same su a wata shida na farko da suka fara tuƙi su kaɗai. Sannan na zaunar da kowa na kunna masa bidiyon titi kamar shi ke jan motar, na ce da ka hango abin da zai iya zama haɗari, danna nan."

"Ai ɗalibaina ne suka zo na ɗaya," in ji shi.

"A fakin, da ribas, da sanin alamomi, naka ba su da na biyu." Ta juyo masa kwamfutar. "A hango haɗari su ne na ƙarshe. Kuma sun fi na kowa ƙananan karo a watannin farko."

Keken ɗinki ya tsaya.

"Su wa suka zo na ɗaya?" in ji Malam Rediyo.

"Na Malam Gyangyaɗi."

Wannan ya fi zagi ciwo. Malam Gyangyaɗi yana da makaranta a ɗaya gefen gari, kuma duk masu sana'ar sun san da ɗalibi ya sa giya biyu kansa ke fara lilo. Shekara ashirin Malam Rediyo yana ba da labarinsa ana dariya.

Auta ta nuna masa bidiyon motarsa. A darasin minti arba'in ya yi magana ta minti talatin da shida. Ta tsayar da hoton sau bakwai, kuma duk sau bakwai ɗin ƙafar ɗalibi ba ta motsa zuwa birki sai bayan muryar malami ta fito.

"Ba kallon titi suka koya ba, Baba. Sauraronka suka koya, kuma sun iya sosai."

Sai ta kunna masa muryar wata ma'aikaciyar jinya, da izininta. Ya gane ta tun daga sallama, don yakan ba da misali da ita. Tana dariya take cewa, "Wallahi har yau in na zo mararraba sai in ji ƙafata tana jiran Malam. Ranar da na bugi bayan wata mota, sai da na juya kujerar gefe ina neman wanda zai ce min birki. Jakata ce kawai a wurin."

Auta ba ta cika baki ba. Ta ce mutum ɗari biyu da arba'in ba su ne duniya ba, tana iya yin kuskure, amma abin da ta karanta na sauran masu bincike ma can ya karkata. Malam Rediyo ya yi shiru na kusan minti biyu, wanda matarsa ta ce ba ta taɓa gani ba sai ranar da aka cire masa haƙori. Daga nan ya farfaɗo. Ya ce kwamfuta ba titi ba ce, ya ce 'ya'yan yanzu in sun yi karatu sai su fara da iyayensu, ya ce abubuwa da yawa. Amma can ƙasan ransa tsoro ne ya shiga, kuma ya san sunan tsoron. Nan da wata uku matarsa za ta ratsa gari da shi a gefenta, ranar da ba shi da idon da zai ara mata. In yarinyar nan ta yi gaskiya, to da hannunsa zai koya wa uwar 'ya'yansa jiran muryar da ba za ta zo ba.

Washegari ya yi nasa binciken. Yana da wani ɗalibi malamin lissafi, mai natsuwa, wanda saura kwana huɗu ya shiga jarrabawa. Suna tunkarar wata mararraba sai ga mai baro ya turo buhunan siminti zai tsallaka. Malam Rediyo ya danne bakinsa da ƙyar. Malamin lissafi ya ci gaba da tafiya abinsa, zama daidai, hannu biyu a sitiyari, fuska a sake. Sai da malami ya taka nasa birkin motar ta tsaya, mai baro ya wuce yana harararsu.

"Ba ka ga mai baro ba?"

"Na gan shi, Malam. Na ji ba ka ce komai ba, sai na ɗauka ba komai."

Da yamma ya samu Auta tana wanke kwanuka, ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana jujjuya makullin mota a yatsa.

"To, me littattafan naku suka ce a yi?"

Ta share hannu, kuma ta yi ƙoƙari ƙwarai kada murmushinta ya fito. Ta ce a fili, inda ake koyon giya da kuloci, ya yi magana iya son ransa. Amma da an hau titi sai a juya aikin: ɗalibi ne zai riƙa faɗin abin da yake gani da abin da zai yi, malami ya yi shiru da ƙafarsa kusa da birki, kada ya sa baki sai in abu ya zo wuya. In an gama a yi fakin, ya yi tambaya, kada ya ba da amsa.

"Shiru har na minti nawa?"

"Har a gama, Baba."

Ya dube ta kamar ta ce ya daina numfashi.

Mako biyun farko a filin bayan wata makaranta aka yi su, kuma ya more. Maman Auta ta ba shi mamaki, don ƙafar da ta shekara arba'in tana taka keken ɗinki ba sai an yi mata bayanin a hankali ba. Sau biyu kacal mota ta mutu a hannunta. Ya riƙa gaya wa maƙwabta cewa jini ne, ya manta ba jininsu ɗaya ba.

Ranar da suka hau titi, Auta na baya da agogo a hannu. Ya riƙe bakinsa daƙiƙa arba'in da ɗaya. A ta arba'in da biyu ya ce, "Ga mai keke nan." Maman Auta ta sa sigina, ta gangara gefe, ta ja birkin hannu kamar yadda ya koya mata. Ta zaro fensirin da take zana yadi da shi daga gefen ɗankwalinta, ta gicciya masa a baki.

"Shekara talatin da huɗu ina riƙe allura a baki kana magana. Riƙe min wannan."

Suka koma titi, aka ce ta faɗi abin da take gani, ita kuwa ta faɗa.

"Ga wani can an yi masa wando ya zarce ƙafa. Ga wata da yadi mai kyau, tela ya cuce ta a kafaɗa. Wancan kuma rigar wansa ce, ba tasa ba."

Fensir ya karye gida biyu. Da aka yi fakin Malam Rediyo ya tofar da guntun ya ce shi tuƙi ya zo koyarwa, ba ƙungiyar teloli ya buɗe ba. Auta na dariya har da riƙe ciki, amma ta ce, "Bar ta, Baba, ai mutane take kallo. Tambaye ta mana."

Ya haɗiye abin da ke bakinsa ya juya. "To mai dogon wando, me zai yi?"

"In ya tashi tsallakawa da sauri zai taka bakin wandon ya yi tuntuɓe. Kamata ya yi in ba shi wuri."

Washegari da kansa ya biya shago ya sayo fensir kwali guda.

Daga nan abu ya fara tafiya, ko da yake ba a miƙe ba. Akwai ranar da ta shagala da wata riga ta manta da danja, ya taka birki har goshin Auta ya gaisa da kujera. Akwai ranar da ta shiga shataletale ta zaga sau uku don ta rasa mafita, shi kuma yana ta gurnani ta bayan fensir. Amma sannu a hankali maganarta ta canja. "Ga mai sabon ɗinki yana kallon kansa a gilashin shago, bai san da ni ba, na sassauta." Wata rana kuma ta ce, "Ga takalma biyu a ƙarƙashin bas ɗin can da ke tsaye, mutum zai ɓullo." Daɗi ya rufe shi. Shi ma ƙarƙashin motoci yake kallo, tun zamanin burodi, amma bai taɓa gaya wa ɗalibi ɗaya cewa nan ake kallo ba. Abin da ya gani kawai yake miƙa musu, bai taɓa nuna musu inda ya samo ba.

A mako na shida Auta ta sake duba bidiyo, ta kira su duka biyu ɗakin ɗinki. Ta nuna musu cewa sau da yawa kafin Mama ta taka birki, gwiwar Baba ta dama takan zabura.

"Mama, gwiwarsa kike kallo?"

"Da gefen ido," in ji uwar, ko kunya babu. "Ai ta fi bakinsa surutu."

Aka samo ragowar wani yadi mai kauri aka lulluɓe masa ƙafafu kamar mai zazzaɓi. Bayan kwana uku sai ta amsa da bakinta cewa yanzu numfashinsa take ji, don in ya hango abu hancinsa kan yi wata 'yar ƙara. Auta ta rufe littafinta ta ce wannan kam babu shi a binciken kowa, sai dai Baba ya san yadda zai yi da kansa.

Wannan ne aiki mafi wuya da ya taɓa yi, ya ga abu yana tahowa ya zauna lamo, jiki a sake, yana jiran wani ya gani da idonsa. Yakan ƙirga ɗaya, biyu a zuci, ƙafa na shawagi a kan birki. Da farko sai ya kai biyu take gani. Daga baya tana rigan shi kaiwa ɗaya. Kuma a cikin shirun nan ya tsinci abin da bai nema ba. Ashe matarsa ta iya ba da dariya. Ashe ta san wanda ya ɗinka wa rabin gari kaya, ta san wace mai shago ce ta rame da wadda ta yi ƙiba, daga yadda riga ta zauna musu. Rannan dariya ta ƙwace masa har fensir ya faɗa ƙarƙashin kujera, sai da aka yi fakin aka nemo. Ya ji kunyar shekarun da ya yi bai bar mata fili ba, amma daɗin ya fi kunyar yawa.

Bai tsaya a kanta kaɗai ba. Malamin lissafi ya ɗage jarrabawarsa da mako uku, ya koyi magana a titi, kuma ya zamana ƙiyasin tazara yake yi da baki har sai an ce ya isa. Ma'aikaciyar jinyar nan ma ya kira ta ya ce ta zo ranar hutunta su zaga gari. Da ta ga ya ciro fensir ya sa a baki, sai ta tambayi ko lafiya.

Ranar jarrabawar Maman Auta ya haɗu da Malam Gyangyaɗi a benci, kowa na jiran nasa. Suka gaisa, suka tambayi iyali, sannan Malam Rediyo ya kasa daurewa.

"Don Allah in tambaye ka. Wai da gaske barci kake yi?"

"Rabi da rabi," in ji Malam Gyangyaɗi. "'Yarka ta zo ta wanke ni tas. Ta ce nawa sun iya kallon hanya ne don sun san ba mai kallar musu, amma biyu sun rushe ƙofar gidansu da ribas. Ta ce barci ba hanyar koyarwa ba ce."

"Ni ta ce min surutu ba hanyar koyarwa ba ce."

Suka yi dariya har mai gadi ya leƙo. Kafin su rabu sun shirya cewa ranar Asabar za a haɗa ɗaliban a fili ɗaya, Malam Rediyo ya koya musu ribas, Malam Gyangyaɗi ya zauna da su a titi da idonsa biyu. Ana cikin haka sai ga farar mota ta dawo ta yi fakin tsaf tsakanin layi biyu. Jami'in jarrabawa ya fito yana shafa wuyan rigarsa. Ya ce ta ci, babu kuskure ko ɗaya, sai dai bai taɓa sanin kwalarsa a karkace take ba sai yau.

Ranar aikin ido ita ta kai shi da safe, Auta ta zauna gida tana girki. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Bayan azahar aka fito da shi, idon hagu a rufe da auduga, na dama a bayan baƙin tabarau, ba ya ganin komai sai haske mai ciwo, har ya gwammace ya rufe shi. Ta riƙo hannunsa ta zaunar da shi a kujerarsa ta kullum, ta ɗaura masa bel.

Ƙafarsa ta tafi da kanta ta sami birki na biyu. Ya ji shi a ƙarƙashin takalminsa, ya kuma san yau ba shi da amfani, don wanda ba ya gani in ya taka birki ɓarna zai yi. Ya janye ƙafar ya cusa ta ƙarƙashin kujera. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun ranar farko da aka ba shi motar burodi. Ya laluba aljihu ya taɓa fensir, sai ya ga ba ya bukatarsa, bakin ma ya bushe.

"Na duba madubi," in ji Maman Auta. "Ba kowa sai wani mai farar riga da ya ɓalla maɓalli a ramin da ba nasa ba. Ya tsaya, ya gan ni. Na fita."

Motar ta ɗaga ba tare da ko girgiza ba. Ya bi hanyar da kunne. Ga gangaren asibiti, ga kwanar gidan mai, ga shataletalen da ta taɓa zagawa sau uku, yau sau ɗaya ta shiga ta fita. Muryarta na tafiya a hankali kamar tana ɗinki. Ga mai babur ya ɗauko katifa, ba ya ganin bayansa, ta bar masa hanya. Ga danja ta daɗe a kore, za ta canja, ta fara sassautawa.

Wajen kasuwa, inda hayaniya ta fi yawa, sai maganarta ta yanke a tsakiya. Ya ji ta ɗaga ƙafa daga totur, motar ta rage gudu, ta tsaya cak a hankali. Wani ya danna hon a baya. Ya ji hucin babbar mota a gefen dama, ya ji takun silifa ya gifta ta gabansu ba sauri, da 'yar muryar jariri. Sannan motar ta ci gaba.

Ya ƙirga ɗaya, biyu, ya kasa kaiwa uku.

"Me ya faru?"

"Ba abin da ya faru."

"Kin tsaya."

"Wata mai goyo ce. Tun daga nesa na ga ɗaurin zaninta ya yi sako-sako, sai ta shige gaban tirelar da ke tsaye. Na san in ta ɓullo hannunta na kan zani, idonta ma na can. Haka kuwa aka yi, ko waiwayowa ba ta yi ba."

Malam Rediyo ya yi shiru, ba don an sa shi ba. Ya auna abin a ransa da gaskiya, irin yadda Auta ke auna nata, ya ga cewa ko da idonsa biyu garau, da ya ga tirela, da ya leƙa ƙarƙashinta, amma ɗaurin zani ba zai taɓa gani ba. Ƙwalla ta taru a bayan tabarau, hancinsa ya yi 'yar ƙarar nan.

"Kar ka jiƙa wa likita aikinsa," ta ce.

"Ci gaba da magana, Maman Auta. Ina jin ki."

Ta ci gaba. Ga 'yan makaranta sun taso, ta koma giya biyu. Ga mai shagon yadi ya sake saka hular da ba ta dace da shi ba. Ga rami, ta kauce dama. Ya jingina kansa da kujera, ya miƙe ƙafafun da ya cusa a ƙasa, ya bar su nesa da birki. Wajen kwana ta uku ta lura ba ya amsawa. Ta saci kallonsa da gefen ido, ta rage murya, amma ba ta daina faɗin abin da take gani ba har ƙofar gida.

Auta ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta leƙo ta taga za ta tambayi yadda aka yi. Uwar ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna mata kujerar gefe. Malam Rediyo na kwance da baki a ɗan buɗe, yana barci.